Sabuwar Ƙarama ko Babbar Jif ta Hannu: Yadda Cinikin Mota Yake a Landan

'Yan uwa da abokan arziki na Kaduna, tun da labari ya bazu cewa ina shirin sauya mota saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan kowa shawara ɗaya yake bayarwa, wato in nemi babba wadda duk wanda ya ga hotonta zai san zaman Turai bai tashi a banza ba. Abin da na tara bai wuce fam 38,000 ba, kuma a nan Landan mai wannan kuɗi zaɓi biyu ne a gabansa idan motar alfarma yake so: ko ya ɗauki sabuwar ƙaramar mota ta ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Jamus, wadda ba a taɓa ɗaura wa lamba ba, ko kuma ya ɗauki babbar jif ta hannu mai shekara huɗu, wadda mai ita na farko ya biya kusan ninkin wannan kuɗi a kanta. Duka biyun na same su a fili ɗaya, kusa da juna, farashinsu bai rabu da nisa ba.

Da jif ɗin na fara, domin ita ce ta ɗauki idona tun daga bakin ƙofa. Na shiga yi mata irin dubawar da muka gada: na ɗaga murfin inji, na zaro sandar gwada baƙin mai, na tsugunna ina leƙa salansa ko zan ga alamar hayaƙi, sannan na bi jikinta ina ƙwanƙwasawa da yatsa don in ji inda aka cusa fila aka shafe da fenti. Matashin da aka haɗa ni da shi ya tsaya gefe bai ce uffan ba har na gama, sannan cikin ladabi ya ce mu shiga ofis, domin abin da nake nema da yatsa yana nan a rubuce.

Da muka zauna ya ajiye takardu a gabana, ya fara lissafo mini aibin motar da yake son sayar mini, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na tambaya ba. Ya ce mutum biyu ne suka riƙe ta kafin ta zo hannunsu. Ya ce an taɓa goge ƙofar baya ta hagu a wurin ajiye motoci, an sake mata fenti, ga rasidin aikin da ranar da aka yi shi. Ya ce tayoyin gaba sun kusa cinyewa, birkin baya kuma da wuya ya wuce shekara guda bai nemi sauyi ba. Daga nan ya nuna mini kowane juyen mai da aka yi mata da yawan tafiyar da mita ta nuna a ranar, ya ƙara da cewa motar a kan jakunkunan iska take zaune maimakon sifirin ƙarfe irin wanda muka sani, kuma ko da yake lafiyarsu lau a yanzu, ranar da suka gaji kuɗin gyaransu zai tayar mini da hankali, don haka gara in sani tun yau. Wallahi na yi shiru ina kallonsa, ina neman inda tarkon yake, domin a iya sanina mai haja ba ya kushe hajarsa sai in akwai wani abu da ya fi wannan muni da yake son kawar da idon mai saye daga kai. Da abin ya ishe ni na tambaye shi ko dai ba ya son in saya ne. Ya yi murmushi ya ce yana so ƙwarai, amma idan ya ɓoye mini wani abu na gano daga baya, motar za ta dawo masa, kuɗina kuma su dawo mini.

Ba alfahari ya yi ba. Dokar kare haƙƙin mai saye da aka kafa a Birtaniya a 2015 ta ba wanda ya sayi mota a hannun ɗan kasuwa kwana 30 ya mayar da ita ya karɓi kuɗinsa cif, idan ta fito da lahanin da take da shi tun ranar ciniki ko kuma ta saɓa wa yadda aka siffanta ta. Bayan kwana 30 har zuwa wata shida, mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa lahanin bai kasance ba lokacin da ya miƙa makulli. Ban da wannan, duk motar da ta cika shekara uku dole a kai ta gwajin lafiya na MOT kowace shekara, kuɗinsa ba ya wuce fam 54.85, kuma abin da aka gani ana shigar da shi rumbun gwamnati tare da adadin da mita ta nuna. Duk wanda ya san lambar mota zai iya shiga intanet kyauta ya ga tarihin gwajinta, shekarar da ta faɗi da dalilin faɗuwar, har da ƙananan abubuwan da mai gwaji ya yi gargaɗi a kai. Da 'yan kuɗi kaɗan kuma za a bincika maka ko ta sata ce, ko akwai bashin banki a kanta, ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa ta tashi daga aiki bayan haɗari. A nan ma akwai mazambata, musamman masu talla a Facebook, kuma ban ce Bature ya fi mu tsoron Allah ba. An dai shirya abin ta yadda ƙarya take jawo asara fiye da gaskiya.

Abin da ya riƙa ci mini rai a kan hanyar komawa gida shi ne cewa wannan hali namu ne tun asali. Tun muna makarantar allo da Islamiyya aka karantar da mu cewa haramun ne a ɓoye aibin kaya, cewa mai saye yana da zaɓin mayarwa idan aibi ya bayyana, kuma mai algus ba ya cikin jama'ar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma ku je filin sayar da motoci ku tsaya ku saurara. Kowace mota wata Hajiya ce take hawa, daga gida sai asibiti. An mayar da mita baya, an cire ƙwan fitilar gargaɗi don kada ta kama a gaban mai saye, an fasa salansa an kwashe abin tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi an sayar daban, jakar iskar da ke sitiyari kuwa ta fashe tun a ƙasar da motar ta fito, an liƙe murfin da gam. Motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, irin waɗanda guguwar Harvey ta nutsar a Texas a 2017, akan yi gwanjonsu a can da takardar da ke cewa sun lalace, amma irinsu na isowa wurinmu takardar ta ɓace, an wanke, an fesa turare. Dillalai uku ko huɗu sun kewaye ka, kowa da la'adarsa a cikin farashin, kowa yana rantsuwa da Alƙur'ani, kuma da zarar an ce an sallama ka fita da ita daga fili, abin da ya biyo baya sai a ce ƙaddararka ce.

Da takardun a hannu, gwada motocin biyu ya koma aikin biro da lissafi, kuma a nan ne jif ɗin ta fara nuna nauyinta. Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawa da dusa na kullum su ne suke gwada mutum. Duk motar fetur ko dizal da farashinta na sabuwa ya haura fam 40,000 tana biyan ƙarin haraji na shekara biyar, daga shekararta ta biyu zuwa ta shida, fam 410 a 2024 da fam 425 a 2025, a kan harajin da kowa yake biya. Kuma ba ruwan gwamnati da arahar da ka samu, farashin ranar farko take dubawa, saboda haka jif ɗin tana cikin wannan tarko, sabuwar ƙaramar kuwa ta tsira da ƙyar. Garantin shekara uku da Mercedes-Benz da BMW suke bayarwa a nan ya riga ya ƙare a kan mota mai shekara huɗu, sai na shekara guda da fili ya ɗora mata, alhali sabuwar tana da shekarunta uku cur kuma ba za ta ga gwajin MOT ba sai bayan sun cika. Ga mai, ga manyan tayoyi waɗanda guda ɗaya ta kusa kuɗin biyu na ƙaramar.

Inshora ce ta fi ƙona mini rai. Lasisin Najeriya wata 12 kawai yake aiki a nan, daga nan sai mutum ya sake zama ɗalibi ya ci jarrabawa, kuma ranar da ya ci ita ce ranar haihuwarsa a idon kamfanonin inshora. Shekarun da na yi ina bin hanyar Zariya da ta Abuja cikin dare da damina, ina kauce wa tireloli da ramuka, ba su ƙara mini komai ba. Matar da na yi magana da ita ta waya ta jera ni sahu ɗaya da yaron da ya kama sitiyari bara. Suna duba unguwar da kake kwana, da sana'arka, da rukunin motar daga 1 zuwa 50, kuma babbar jif tana can kusa da ƙarshe, don haka kuɗin da aka yanka mini a kanta ya kusa ninka na ƙaramar. Babu kuma hanyar zillewa, domin kyamarori suna karanta lamba a kan titi, wanda aka kama babu inshora tarar fam 300 ce da maki shida na laifi a lasisi, motar ma ana iya kwashe ta. Na tuna yadda aka yi ta ƙorafi a gida da aka ɗaga inshorar dole daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a farkon 2023, alhali da yawanmu takarda kawai muke saye don nuna wa jami'an hanya, ba mu taɓa sa ran ta biya ko fitila ɗaya ba.

A wurin gyara kuwa kewar Kaduna ta kama ni sosai. Garejin kamfani a Landan yana cajin fiye da fam 100 a kowace awa ta aikin bakanike, ban da kayan gyara, kuma sai ka nemi rana tun mako ɗaya ko biyu kafin a taɓa maka mota. Ba su gyara abu, cirewa suke yi su jefar su saka sabo. Da a Panteka ne, wannan jakar iska ta ƙarƙashin jif da ake tsorata ni da ita, kafin la'asar an samo ta hannu, ko an ƙera abin da zai maye gurbinta, kana zaune a benci ana kawo maka shayi, yaran gareji suna yi maka hira. Hannun da ke Panteka babu irinsa a nan, abin da ya rage mana shi ne rubutu; da kowane gareji zai riƙe littafi ya rubuta abin da ya yi wa mota da ranar da ya yi, da motar hannu ta Kaduna ta yi daraja.

Sabuwar ma tana da nata ciwon. Tana barin fili darajarta take fara zubewa, kuma jif ɗin da ke kusa da ita ita ce shaida, tun da ta zubar da kusan rabin kuɗinta cikin shekara huɗu. Kujerun baya matsattsu ne, kuma kowane abin jin daɗi da jif ɗin ta zo da shi, a sabuwar sai an ƙara kuɗi. Sannan mafi yawan sababbin motoci a ƙasar nan da bashi ake ɗaukarsu, ana biya wata-wata, don haka da na ce zan biya gaba ɗaya saboda ba na mu'amala da kuɗin ruwa, sai aka yi ta juya mini magana ana nuna mini rangwamen da mai cin bashi ne kaɗai yake samu. Duk da haka, da na zauna a cikinta na tuna cewa garinmu ya san sabuwar mota: kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, kuma iyayenmu ma'aikata da bashin mota na gwamnati suka fito da 504 da ledarta a kujeru. Yau idan ɗan Kaduna ya ce ya yi sabuwar mota, wadda ta sha shekara goma a wata ƙasa yake nufi.

Ƙaramar na saya. Da na sanar da babban yayana ta waya, sai ya ce, "Haba ƙanena, da kuɗin jif a hannunka ka je ka ɗauko motar amarya?" Na ce, "Yaya, da a Rigasa ko Unguwar Mu'azu zan hau ta da damina, da jif ɗin zan ɗauka ko ba a ce ba, domin wannan ƙasanta zai ƙare a hanya. Amma a nan titunan unguwa matsattsu ne, wurin ajiyewa da awo yake, kuma maƙwabcina likita da keke yake zuwa aiki." Bai gamsu ba, ya koma tambayar nawa za a kashe a sa masa jif ɗin a jirgin ruwa. Na tuna masa cewa sitiyarin motocin Ingila a dama yake, mu kuwa mun koma bin hannun dama na titi tun 1972, kuma doka ba ta yarda a yi wa irinsu rajista ba, juya sitiyari a gareji kuma wasa da rai ne. Yanzu yana cinikin wata da aka ce daga Amurka ta zo, kuma na roƙe shi kada ya ba da ko sisi sai ya turo mini lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba, domin da ita ake ciro tarihin haɗari da na gwanjo daga can. Duk wanda yake cikin irin wannan ciniki a cikinku, shi ma ya turo tasa, amma ya karanto ta da idonsa daga jikin motar, kada ya karɓi wadda dillali ya rubuto masa a takarda.