Albam ɗin Soul na Seal: inda ya ci, inda ya yi sanyi, da yadda za a saurare shi

A watan Nuwamba na 2008 ne Seal, mawaƙin nan haifaffen Landan wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ya fitar da albam mai suna Soul. Waƙoƙi 12 ne, kuma babu tasa ko guda. Tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen fatan Amurka ne na shekarun 1960 da 1970 ya sake rerawa, David Foster kuma ya tsara masa kiɗan.

Muryar Seal mai ɗan dishi-dishi ce, kuma a waƙoƙi masu tafiyar hawainiya take nuna kanta. Wadda aka buɗe da ita, "A Change Is Gonna Come" ta Sam Cooke (1964), ita ce zakaran gwajin dafi. Dalili kuwa, tun asali da gogen Turawa da ƙaho aka ɗauke ta, don haka hannun Foster, mai son cika kiɗa ya yi taf, ya zauna mata daram. A saurari yadda Seal yake riƙe numfashi a ƙarshen baiti, ya bar muryar ta ɗan karye kafin ya sake ta. "I've Been Loving You Too Long" ta Otis Redding (1965) ma ta karɓe shi.

Inda aka samu tangarɗa shi ne waƙoƙin rawa na birnin Memfis. "Knock on Wood" da Eddie Floyd ya yi a kamfanin Stax a 1966, daɗinta yana cikin kaushinta: ganga tana ɗan jan ƙafa a bayan murya, masu busa suna shigowa da ƙarfin tsiya. A nan kuwa an goge komai sumul, kowane bugu ya faɗi a kan lokacinsa, sai ta zama kamar miyar kukar da aka hana daddawa. Wanda ya san ta asali zai ji giɓin tun a minti na farko.

Sai dai wani lokacin idan aka ji albam ɗin ba shi da armashi, kwafin da aka samu ne matsalar. Idan za a tura a memori wajen masu tura waƙa a kewayen Taminus a Jos, a nemi MP3 mai 320 kbps. Gane shi ba wuya: waƙar minti 4 za ta kai kusan MB 9 da rabi, mai 128 kbps kuwa ba ta cika MB 4 ba. Ƙaramin yakan yanke siraran sauti na sama, sai goge ya riƙa fita kamar ana ƙeta leda, alhali rabin kyan albam ɗin a gogen yake.

Mai sayen faifai ya juya bayansa. Na kamfani fari ne kamar azurfa, da ɗan littafi a cikin kwalinsa. Na gida yakan yi kore-kore ko shuɗi, kuma da an bar shi a gaban mota rana ta buge shi sai ya fara tsalle. Lokacin hunturu ƙura takan karce shi, don haka a goge da kyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ban da zagayawa.

A sifika kuma, kada a ɗaga bas kamar yadda ake yi wa kiɗan zamani, domin yana danne ƙasan muryar Seal. A bar shi a tsakiya. 'Yar sifikar Bluetooth mai baki ɗaya tana cakuɗa hagu da dama, gara guda biyu da tazarar kamar mita 2 a tsakaninsu.

Ga masu sa kiɗa a dinar biki, "Stand by Me" ta dace da shigowar ango da amarya. Idan an zo rawa, a koma wa na Stax na asali.