Wurin lesin JAMB da ƙanwata ke zuwa a Gyaɗi-Gyaɗi

Masu tambayata ta inbox wane wurin lesi zan ba da shawara, to ga wanda na sani, kuma gaskiya saboda malamin darasin gwamnati nake yabonsa, ba don ginin ba.

Na zauna a bayan aji ranar da yake musu bayanin majalisa mai zaure biyu, wato mai ɓangaren dattawa da na wakilai, wallahi mutumin ya san abin da yake yi. Bai tsaya haddar littafi ba, sai ya tambaye su ƴan majalisar dokokin Kano nawa ne, aka yi ta ƙauron baki, ya ce 40 ne kuma zaure ɗaya ne tak, babu jihar da ke da majalisar dattawa tata a Najeriya, dattawan suna Abuja su 109, Kano na da 3. Daga nan ya tsallaka Amurka, can majalisar kowace jiha zaure biyu ce ban da ta Nebraska da ta koma zaure ɗaya tun 1937.

Inda ya fi burge ni shi ne da ya dawo da zancen gida. Ya ce ai mu ma mun taɓa yi, zamanin Jihar Arewa akwai Majalisar Sarakuna a Lugard Hall Kaduna, tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 ne ya kawo ta, Sarkin Kano na cikinta, ita ce ta sama a kan majalisar wakilai har sojoji suka rushe su a 1966. Wata yarinya ta ce Malam to meye amfanin zaure na biyun, ya ce ƴata, don a sake tace doka kafin ta fito, amma fa kuɗin da ake kashewa ya ninka. Ya bar su suka yi ta musu a kai kusan har aka tashi.

Matsalarsu zafi, ajin ya cika maƙil kuma in aka ɗauke wuta ba janareta, yara sai fifita da littafi. Sannan suna kai wa dab da magariba, samun adaidaita ga ƴan mata lokacin wahala ne, na yi wa mai wurin magana ya ce za su gyara.

Kuɗinsu da sauƙi, ana ma biya kashi biyu. In ɗanka zai rubuta gwamnati bana ka kai shi, amma ya riƙa zuwa da wuri ya samu bencin gaba kusa da taga.