Yamaha P-125 a hannun mai raka waƙa ta musamman

Tun bara nake kaɗa fiyano ta lantarki Yamaha P-125 a majami'armu da ke Jos, kuma da za a sake ba ni kuɗin a ce in zaɓa, ita zan ɗauko. Babban dalilina shi ne tana barina in yi ƙasa-ƙasa da sauti da yatsuna kaɗai, ba sai na miƙa hannu na rage ƙara ba.

A da irin kibod ɗin nan mai ganga a ciki muke da shi. Ga kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, ba laifi, kowa ya bi bugun a tafi tare. Amma idan mutum ɗaya ya fito waƙa ta musamman, labari ya sha bamban. 'Yar'uwa daga Zumuntar Mata za ta ja kalma ɗaya har numfashinta ya kusa ƙarewa, ta tsaya, wani lokaci hawaye ya shaƙe ta, sannan ta ci gaba. Inji ba ya jiran kowa. Mai kiɗa ne zai jira ta, ya kalli kafaɗunta ya gane lokacin da za ta shaƙi iska, ya sauka tare da ita.

A nan wannan fiyano ta burge ni. Maɓallanta 88 ne, masu nauyi, na ɓangaren hagu sun fi na dama nauyi kamar a fiyano ta katako. Ka shafa a hankali, ta yi raɗa, ka danna da ƙarfi, ta buɗe murya. Idan mawaƙiya ta fara baiti na farko, kod, wato sautuka da ake dannawa tare, nake ajiye mata a tsakiya in ɗauke hannun dama daga sama, don kada mu yi rububin wuri ɗaya da muryarta. Sai ta rufe baki nake cike gurbin da 'yan sautuka kaɗan. Wannan fiyano tana iya riƙe sauti 192 a lokaci guda, don haka ko na taka fedar da ke tsawaita sauti na daɗe a amshi na ƙarshe, ban taɓa jin wani sauti ya yanke ba.

Wannan salo na bin mawaƙi a coci-cocin baƙaƙen fatar Amurka ya yi ƙarfi. Wanda yake son koyo ya nemi tsofaffin faya-fayan mawaƙiyar bishara Mahalia Jackson, ya kasa kunne ga Mildred Falls, wadda ta yi shekaru tana kaɗa mata fiyano. Mildred ba ta taɓa shiga gaban muryar ba, kullum a gefenta take.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya. Cikin muryoyinta 24 akwai na ogan, kuma sun isa a shimfiɗa su a ƙarƙashin addu'a. Sai dai wanda ke neman kukan ogan ɗin nan Hammond B-3 da lasifikarta mai juyawa, Leslie, ya nemi ogan na gaske, domin wannan fiyano ce tun asali. Fedar da ke zuwa da ita ƙarama ce, kunnawa da kashewa kawai take yi. Na sayi wata feda, FC3A, wadda ke karɓar rabin taku, kuma a waƙa mai sanyi bambancin a fili yake. Wannan fiyano ba ta da allo, saboda haka ɗaga ki (matakin sautin da waƙa ke tafiya a kai) ko sauke shi sai ka haddace maɓallan da ake haɗawa. Ni ma dai na fi son matasanmu su koyi kowane ki da hannu, don mawaƙi kan tashi daga inda muryarsa ta kama ranar, musamman da sanyin hunturu, kuma dole ka same shi a can cikin daƙiƙa biyu.

Ba ta aiki da batir, shi ya sa muka ɗora ta a kan inbata, kada wuta ta ɗauke ta bar mawaƙi shi kaɗai a tsakiyar waƙa. Lasifikunta sun wadatar a ɗakin gwaji, a sujadar Lahadi kuwa muna jona ta da amfilifaya ta kafofin da ke bayanta. Nauyinta bai kai kilo 12 ba, mutum ɗaya na iya sa ta a mota zuwa biki ko jana'iza. A saya mata jaka da mayafi tun ranar farko, saboda ƙura.