HDD ko SSD a laftof na hannu?

Laftof na hannu da yawa a shagunan Katsina da HDD suke zuwa. HDD ma'ajiyar fayil ce mai faifai da ke juyawa sau 5400 a minti, allura na karanta shi, gudunsa wajen megabait 100 a sakan. Ka hau acaba da laftof a kunne, gargada kaɗai ta isa allurar ta karce faifan, sai ƙas-ƙas.

SSD shi ma ma'ajiyar fayil ne, amma babu abin da ke motsi cikinsa. Na SATA, wato mai irin mahaɗin da HDD ke amfani da shi, yakan kai megabait 500 a sakan, Windows ta tashi kafin ka gyara zama. Sai dai ya fi tsada, kuma in ya mutu ceto fayil sai an sha wuya. Gara a sa SSD mai gigabait 256, tsohon faifan ya koma akwatin USB. Kafin ka biya, a buɗe maka bayan laftof ɗin: ramin M.2, inda ake soka siririn SSD, in na SATA ne zalla ba ya karɓar NVMe, wato SSD ɗin da ya fi na SATA gudu.