Sharhi kan fim ɗin 93 Days

Fim ɗin 93 Days, wanda Steve Gukas ya ba da umarninsa aka kuma fitar da shi a shekarar 2016, yana bin labarin shigowar cutar Ebola Legas ranar 20 ga Yulin 2014 ta hanyar Patrick Sawyer, wanda ya taso daga Laberiya, har zuwa 20 ga Oktoba, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da cutar.

Ƙarfin fim ɗin yana hannun Bimbo Akintola, wadda ta fito a matsayin Dakta Stella Adadevoh ta asibitin First Consultants da ke Obalende, likitar da ta ƙi sallamar Sawyer duk da matsin lambar da aka yi mata, har ta kamu da cutar ta rasu a watan Agusta. Akintola ba ta cika ihu da kuka ba, kuma natsuwarta ce ke sa tsoron ya ratsa mai kallo. Ɗakin killace masu jinya ma an nuna shi da ƙuncinsa da ƙarancin kayan aikinsa, ba a ƙawata shi ba.

Danny Glover, a matsayin shugaban asibitin, bai gamsar da ni ba, domin harshensa na Amurka yana fitowa fili. Haka kuma aikin bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar, wanda shi ne ya datse yaɗuwarta, ya cancanci lokaci fiye da wanda aka ba shi.