Mota mai ja da gaba da mai turi da baya: doki ɗaya ne?

Samari a garajin Yamai sun cika gardama kan tseren nan na Amurka, mita 402 miƙe ba kwana, wai in mota biyu ƙarfin dokinsu (wato ƙarfin injinsu) ɗaya to a haɗa su aji guda. Ni ban yarda ba wallahi.

Mai ja da tayar gaba, irin Honda Civic, galibi ba ta asarar ƙarfi sosai tsakanin inji da taya don hanyar gajera ce, shi ya sa a na'urar awon ƙarfin da ke isa taya lambarta ke yin kyau. Amma kana taka totur nauyi ya koma baya, gaba ya yi sakayau, tayar da ke ja ta kama juyi a banza tana hayaƙi, dokin yana nan amma bai taka ƙasa ba.

Mai turi da baya kuwa, Ford Mustang ko tsohuwar Peugeot 504 tamu, tana ɗan zubar da ƙarfi a dogon sandan da ke kai shi baya, sai dai nauyin nan da ya cuci waccan shi ke danna tayarta a kwalta, ta tashi kamar an harba ta.

To don Allah a riƙa duba nauyin mota da faɗin taya kafin a raba aji.