Komik ɗin jarumai: bin fitowa ɗai-ɗai ko jiran kundi?

Samarin majalisarmu nan Sakkwato sun dame ni da tambaya wanne ya fi wajen karanta komik, wato labari cikin zane-zane da ke fitowa kashi-kashi, to ga abin da na gani.

Sabbin fitowar Marvel da DC, kamfanonin da ke buga komik ɗin jarumai, ranar Laraba suke sauka a Amurka, kowace kamar shafi 20 na labari, farashi galibi dala 4 zuwa 5, kai da ka juya wanga kuɗi zuwa naira ka san aljihu zai ji jiki. Amma daɗinshi ba ya misaltuwa, kana karantawa da zafinta a waya, ka ba ta maki tun kafin wani ya ɓata maka ƙarshen a Facebook. Matsalar, sau nawa na yaba fitowa ta 1 sai labarin ya watse a ta 4, abin na ƙona min rai wallahi.

Kundi kuwa shina haɗa fitowa 5 ko 6, ya fi sauƙin kuɗi, ka yi hukunci kan labari cikakke, sai dai jiran watanni, in na takarda ne ga kuɗin kawowa.

Mai son muhawara duk mako, in da hali, ya bi ɗai-ɗai. Ɗalibi mai lissafin kuɗi da mai son ajiya, kundi ya dace da su.